Ranar Da Muka Dafa Wa Hajiya Rabon Medo

Kafin ku fara zagina ku bari in kai ƙarshe. Na san wasunku za su ce, "Haba Almasa, duk wannan kukan a kan kare?" To ku faɗa, bakinku ne. Ni dai yau sai na amayar da abin da ya tokare min wuya tun ranar Asabar, don in na ci gaba da haɗiye shi ciwo zai zame min.

Shekaruna ashirin da huɗu. Ni da Mamata, Sabaheta, muke zaune a ɗan gidanmu mai ɗaki biyu a gefen garin Breza, sai Medo a tsakar gida. Medo irin manyan karnukan makiyayan kan dutse ne, fari mai dabbaren baƙi, in ya miƙe da ƙafa biyu ya fi ni tsawo. Na Babana ne. Shekara goma sha tara Baba ya yi yana shiga ramin kwal, bara ciwon ƙirji ya ɗauke shi, ya bar mana guntun fansho da rufi mai yoyo da karen da ke cin abincin ƙatti biyu. Ni kuma ina ɗinkin saman takalma a masana'anta, albashin da kafin ya iso hannuna wutar lantarki da itacen hunturu sun riga sun yi watandarsa.

Mama doka biyu gare ta: ba a cin bashi, ba a roƙo. Kullum maganarta ke nan, daidai ruwa daidai tsaki. Sabulu sai ta raba shi biyu ta ɓoye rabi, rigar sanyi in ta mutu ta warware zaren ta saƙa safa. Amma ku zo ku ga labulenmu, kullum a goge yake kamar na gidan likita. Gara Mama ta kwana da yunwa da a ce maƙwabciya ta gane ba mu ɗora tukunya ba.

Ana gama sadakar arba'in ɗin Baba sai ga Ramiz mai injin yanka katako, wai yana neman karen gadi. Na san wajen nasa. Sarƙa ce taku uku da tsohuwar ganga, kuma ban taɓa ganin karen da ya wuce hunturu biyu a can ba. Da na ga Mama tana shirin ba shi Medo, na yi kuka har muryata ta dishe. Mama ta ce, "In za ki iya ciyar da shi ba tare da kin taɓa kuɗin cefane ba, ya zauna. In ba za ki iya ba, ban iya ba ni ma."

Abin da ya kai ni shagon naman su Nihad ke nan. A wajenmu tambayar mahauci ƙashin kare ba roƙo ba ne, matar alƙali ma tana yi. Na tsaya sai da layi ya watse, sannan na ce, "Don Allah ko akwai ɗan abin da za a zubar? Na kare ne."

Ya ɗago ya dube ni, dogo ne mai faffaɗar kafaɗa, da farar riga ta aiki da ɗan tabo a gira. Ya ce, "Karen naki ɗan tsito ne na ɗaki, ko na gaske?"

Na nuna masa hoton a waya. Ya yi fito. "Wannan ai ba kare ba ne, maraƙi ne. Ki riƙa zuwa duk Juma'a bayan an sauko."

Wata biyu Medo yana cin rabonsa shi kaɗai, har gashinsa ya fara sheƙi. Sai hunturu ya kama, fansho ya yi jinkiri, muka yi kwana shida a kan dankali da albasa. Ranar Juma'ar nan Mama ta buɗe ƙunshin da na karɓo wa Medo, ta daɗe tana kallon naman da ya maƙale a jikin ƙasusuwan. Ba ta dube ni ba, ta wanke su ta zuba a tukunya. Ta ce, "Mu fara, shi ya ƙarasa."

Na sha romon nan, ba zan yi muku ƙarya ba, har na ƙara. Tun daga ranar tsarin ya zauna: mu da nama da romon farko, Medo da ƙashin da aka tsotse da busasshen burodi a jiƙe cikin ruwa na biyu. Dokar Mama ma ta sauya. Ta ce, "Yanzu kam karenki ma'aikaci ne, yana shigo da nasa. Amma ranar da ƙunshin nan ya tsaya, ko wani ya ji abin da muke yi da shi, ranar zan kira Ramiz."

Wata takwas ke nan. A cikin wata takwas ɗin nan ƙunshi yana ƙara nauyi, saƙonnin Nihad suna ƙara tsawo. Da farko "Ya maraƙinki?" ne kawai. Daga baya ya koma "Kin ci abinci?" Daga nan kuma sai ga mu duk Lahadi muna zagaya bakin kogi mu uku da Medo, shi yana ba ni labarin kwastomominsa masu rowa, ni ina dariya kamar ba ni da damuwa a duniya. Ina sonsa. Na faɗa, kuma ban ji kunya ba.

Lahadin da ta gabaci Asabar ɗin nan ya durƙusa yana shafa Medo, sai na ga hannunsa ya tsaya a kan haƙarƙari.

"Alma," haka yake kirana, "ina karen nan yake kai abin da nake ba shi?"

Na ce, "Gashi yake zubarwa, lokacinsa ne."

"Gashi ba ya fito da ƙashi waje. Tsutsar ciki ce, na tabbata. Su suke cinye masa abinci."

Na ce a raina, ga tsutsar nan tsaye a gabanka da jan baki. Na yi murmushin yaƙe na ja shi da wata hirar.

Ranar Alhamis saƙonsa ya shigo ina kan keken ɗinki: "Hajiya ta ce Asabar za ta zo ta gaida Mama. Abincin rana. Ni sai na rufe shago ƙarfe biyu zan biyo. Kar ki tsorata, bakinta ne kawai mai kaifi."

Kowa a Breza ya san Hajiya Fikreta, mahaifiyarsa. Shekara talatin tana tsaye bayan kantar shagon kafin ta sakar wa ɗanta, kuma ana cewa da ido take auna nama ta faɗi nauyinsa. Mace irin wannan ba ta zuwa gidan da ke da budurwa don gaisuwa kawai. Da na faɗa wa Mama sai da ta zauna. Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, sannan ta buɗe firiji ta rufe, ta sake buɗewa kamar wani abu zai tsiro. Saura kwana biyar fansho ya shigo.

Juma'a na karɓo ƙunshi a gurguje, shagon cike da mutane, Nihad ya ƙyafta min ido kawai. A gida muka buɗe. Ban da ƙasusuwan da muka saba, sai ga wani ƙulli daban a farar takarda. Niƙaƙƙen nama ne, ja jawur, ya kai rabin kilo.

Mama ta dafe ƙirji. "Kin ga ikon Allah? Dolma zan yi, albasa mai ɗurin nama."

"Mama! Naman shagonta za ki dafa mata? Wanda aka ba kare?"

"Kare ya san niƙaƙƙe? An rubuta sunansa a jiki?"

"In ta gane fa?"

"Nama nama ne. Ke dai ki goge min farar rigarki, ki daina cika ni da surutu. Wannan auren in ya kuɓuce miki, sai dai ki tsufa a kan keken ɗinki ke da karenki."

Da safe tun kafin rana ta hau muka fara. Mama ta tafasa manyan albasa, ta zare su ɓawo-ɓawo, ta cuɗa naman da shinkafa da barkono ta ɗura a ciki. Guda goma sha biyu cif, ta jera su a tukunyar ƙasa kamar ƙwai. Ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, wai kar lissafi ya ɓaci. Ƙamshi ya cika gida, Medo ya zo ya kwantar da haɓarsa a dokin ƙofar kicin yana kallona. Na kai masa jiƙaƙƙen burodinsa ba tare da na haɗa ido da shi ba.

Na sa farar rigata mai ƙananan maɓallai da siket ruwan toka wanda na rage daga na Mama. Na ɗaure gashina baya, na sa 'yan kunnen azurfa na kakata. Takalmin kuwa na masana'antarmu ne, wanda aka ƙi saboda ɗinki ya karkace, amma sai ka duƙa za ka gani. Mama ta fito da shimfiɗar tebur mai aikin hannu da finjalan gahawa na aurenta, ta ajiye sabbin silifa a bakin ƙofa, waɗanda ba a taɓa sa wa kowa ba.

Sha biyu da rabi Hajiya ta yi sallama. Gajeriya ce mai kauri, da kwat ruwan ƙasa da ɗankwalin siliki, riƙe da kwalin alawar baklawa. Medo ya taso ya shinshina gefen kwat ɗinta ya kaɗa wutsiya.

"Wannan ne angon da ɗana yake yi wa hidima duk Juma'a?" in ji ta. "Masha Allah. Ni da na haife shi ban taɓa samun ƙunshi kyauta ba."

Muka yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi saboda tsoro. Na sumbaci hannunta, ta riƙe haɓata ta juya fuskata hagu da dama.

"Kyakkyawa ce, Sabaheta. Sai dai ba nama. Ba kya ba ta abinci ne?"

Mama ta ce, "'Yan matan zamani ne, Hajiya, wai ba sa son ƙiba."

Na kawo gahawa. Hajiya ta tsoma ƙwayar sukari ta gutsura, idonta yana yawo daga labule zuwa rufi zuwa inda muka matsar da kabad don ya rufe tabon yoyo. Ta tambayi aikina, ta tambayi ko na iya murza ɓawon pita, wato fallen ƙullin fulawa da muke naɗe nama a ciki, har a karanta jarida ta cikinsa. Daga nan ta buɗe jaka ta fito da ɗan akwatin magani ta ajiye kusa da faranti.

"Ku yi haƙuri da kayan tsufa. Ƙoda ɗaya gare ni tun aikin da aka yi min bara. Likita ya ce ko maganin ciwon kai na sha ba da saninsa ba, in sayi likkafani."

Mama ta ce, "Allah ya ƙara afuwa. Almasa, duba tukunya."

Ina shiga kicin wayata ta yi ƙara a aljihun siket. Nihad ne. Na buɗe da murmushi, ina zaton zai tambayi ko mahaifiyarsa ta cinye ni.

"Af, na manta ban faɗa miki jiya ba saboda cunkoso. Niƙaƙƙen naman nan na farar takarda, maganin tsutsa na daka na cuɗa a ciki. Ƙwaya biyar, daidai nauyin Medo, likitan dabbobi ne ya ba ni. Ki ba shi duka lokaci ɗaya. Ya ci?"

Na karanta sau uku. Kicin ɗin ya juya min, na dafa bango. Tukunya tana ta ɓararraka a gabana kamar tana min dariya. Na rubuta: "In mutum ya ci fa?"

Ya turo fuskar dariya. "Ke za ki ci? Likita cewa ya yi ko taɓawa na yi in wanke hannu. Me ya sa kika tambaya?"

Na leƙa falo na ce, "Mama, ɗan zo ki ga wutar nan."

Ta shigo tana hararata. Na miƙa mata wayar. Na ga leɓenta yana motsi tana karantawa, na ga jinin fuskarta ya janye. Ta ajiye wayar a kife.

Ta ce ƙasa-ƙasa, "Wuta ta kashe shi. Awa biyu yana dahuwa."

"Magani ne, Mama, ba ƙwayar cuta ba!"

"Rage murya! Ƙwaya biyar a albasa goma sha biyu. In ta ci biyu ko ƙwaya ɗaya ba ta sha ba."

"Ƙoda ɗaya gare ta, da kunnenki kika ji!"

"To me zan ajiye mata? Burodi da gishiri? In ce mata me? Matar nan ta zo neman aurenki, in tashe ta da yunwa, gobe duk Breza ta ji gidan Sabaheta ba a ɗora tukunya?"

"Mu ce ya ƙone."

"Ƙamshin ƙonewa kika ji? Hancin mahauciya za ki yi wa wayo?"

Na kai hannu zan ɗauki tukunyar, niyyata in sake ta a ƙasa ta fashe kowa ya huta. Mama ta riga ni. Ta naɗe hannunta da tsumma ta rungume ta, ta matso har ina jin numfashinta.

"Na ga abin da ke ranki. Wallahi kika buɗe baki, kin san inda karenki zai kwana yau."

Ta wuce falo da murmushinta kamar ba ita ba. Na biyo ta da kwanon kindirmo. Gaba kura baya sayaki. Ta taga ina hango Medo kwance a inuwar bishiyar tuffa, a gabana kuma ga Mama tana jera wa Hajiya albasa uku a faranti, har da ƙarin romo.

"Kai, Sabaheta, wannan ƙamshi! Ina kika sayi naman?"

"Wajen wani ɗan'uwanmu ne a ƙauye, Hajiya."

"Allah sarki. Ashe shagonmu bai yi muku ba."

Na zauna. Na ce wa kaina wataƙila Mama ta yi gaskiya, wataƙila ba abin da zai faru. Na ce wa kaina ciwon ciki ne kawai na kwana ɗaya. Ku ga irin lissafin da na tsaya yi da ran uwar mutumin da nake so. Hajiya ta zuba kindirmo, ta yanka albasar da gefen cokali, tururi ya tashi. Ta ce bismillah ta ɗaga.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Sai ji na yi na damƙe wuyan hannunta, cokalin ya faɗi a kan shimfiɗar Mama.

"Kar ki ci, Hajiya!"

"Almasa!" Mama ta daka min tsawa.

Hajiya ba ta ƙwace hannunta ba. Ta dube ni kawai. "Sake ni, 'yar nan, ki yi min bayani."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Akwai maganin tsutsa a ciki. Nihad ne ya cuɗa, don Medo ya yi. Naman ba na ƙauye ba ne, na ƙunshin kare ne da yake ba ni. Mu muke ci. Wata takwas ke nan mu muke ci, shi sai ƙashi."

Na dubi Mama. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba, ko ranar da aka fita da Baba. Ta miƙe a hankali, ta ɗauki wayarta a kan kabad, a gaban baƙuwa ta danna.

"Ramiz? Sabaheta ce. Karen nan da kake so, zo ka ɗauka. E, yau. Ƙarfe huɗu ya yi."

"Mama, don girman Allah!"

"Na faɗa miki ko ban faɗa miki ba?" in ji Mama. "Shekara hamsin da biyu ban taɓa sunkuyar da kai a garin nan ba sai yau."

Hajiya ta ture farantin gefe, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina yanzu za ta zazzage mana kwandon zagi ta tafi. Sai ta ce, "Kai ni wajen karen."

Muka fita. Na ɗauko tukunyar da niyyar in juye wa Medo, tunda dama nasa ne. Hajiya ta galla min harara.

"Ajiye! Albasa guba ce ga kare, ba ki sani ba? Kun dafa abin da mutum ba zai ci ba, kare ba zai ci ba. Sai bola."

Ta durƙusa da ƙyar tana nishi, ta tura hannu cikin gashin Medo. Ta bi haƙarƙarinsa da yatsu, ta taɓa ƙugunsa, ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi. Shi kuwa sai lasar hannunta yake. Ta daɗe a haka kafin ta ɗago, kuma abin da na gani a idonta ya fi zagi ciwo.

"Gashi ne ya rufa muku asiri. Karen nan ya rasa kilo goma, in bai fi ba."

Mama tana tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Hajiya, mu ba mabarata ba ne."

"Wa ya ce ku mabarata ne? Sabaheta, lokacin yaƙi ni da kaina na dafa wa 'ya'yana ganyen da akuya take ƙi. Yunwa ba abin kunya ba ce a wajena. Da kin aiko kin ce a ba ki ƙashin miya, da na aiko miki ba wanda ya ji. Amma kin zaɓi ki ba ni magani a faranti da ki ce min babu. Wannan kuma tsakaninki da Allah."

Mama ta juya ta shige ɗaki. Hajiya ta dawo da idonta kaina.

"Ke kuma, na gode da kika riƙe min hannu. Ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma ki faɗa min, kina son karen nan?"

"Kamar raina, Hajiya. Na Babana ne."

"To ga shi kina kashe shi a hankali da sunan so. Da me za ki ciyar da shi daga yau?"

"Zan nemi ƙarin aiki. Zan rage cin nawa."

"Me za ki rage? Ke ma ɗin iska ce za ta ɗauke ki." Ta yi tsaki. "Kare irin wannan ba na mai albashin takalma ba ne, kin sani, na sani. So ba ya cika tumbi. Ina da fili a bayan gida, ga abin da shago yake zubarwa kullum. Ki ba ni shi yanzu, ko ki jira mai katako da sarƙarsa. Babu zaɓi na uku."

"Zan riƙa zuwa ganinsa?"

"Wannan ba ni zan ce ba. Ba ni kika yi wa ƙarya wata takwas ba. Ɗana ya bar shago ya je ya yi layi wajen likitan dabbobi da hoton karenki a waya, yana ta zargin kansa wai ko namansa ne ba kyau. Ni ba zan ce masa komai ba, ko kalma ɗaya. Bakin da ya yi ƙaryar shi zai warware ta."

Na duba waya. Biyu saura kwata. Na durƙusa na rungume wuyan Medo, na tura fuskata cikin gashinsa, kuma a karon farko na bar hannuna ya ji abin da na daɗe ina hana shi ji. Ƙashi ne zalla. Ni da nake fushi da Ramiz saboda karnukansa ba sa wuce hunturu biyu, ashe nawa ma ba lallai ya ga na biyun ba. Na yi kuka sosai, farar rigar ta ɓaci da ƙasa, ban damu ba.

Na ɗauko igiyarsa daga kan ƙusa, na ɗaura masa, na sa a hannun Hajiya da hannuna.

"Ba ya son a taɓa masa kunnen hagu," na ce. "Kuma yana tsoron tsawa."

"Na ji."

Na zaci zai turje. Wallahi na so ya turje. Amma ya bi ta salin-alin, hancinsa manne da aljihun kwat ɗinta. Sai da suka kai ƙofar waje ya waiwayo sau ɗaya, ya ga ban taho ba, ya ɗan tsaya. Hajiya ta ce masa wani abu a hankali, suka fita.

Na koma ciki. Mama tana zaune a gaban teburin da ba a ci komai a kansa ba, tana goge tabon romo a shimfiɗarta da yatsa, wuri ɗaya take ta gogewa.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Da na bar ta ta ci, Almasa. Da ba ki riƙe ta ba, da na bar ta ta ci." Sai ta kife kanta a kan tebur.

Ban rarrashe ta ba, ban kuma iya yi mata faɗa ba. Na ɗauki wayarta na kira Ramiz na ce kar ya wahalar da kansa, an riga an ba da karen. Ina ajiyewa tawa ta hau ruri. Sunan Nihad. Na bar ta ta katse. Ta sake, na sake bari. Sai saƙo ya shigo.

"Alma, na haɗu da Hajiya a kan gada tana jan Medo. Na tambaye ta, ta ce in tambaye ki. Me ya faru?"

Ina cikin karantawa wani ya biyo baya.

"Ga ni a ƙofarku."

Na dubi rigata mai ƙasa, na dubi tukunyar da ke tsakar gida ƙudaje sun fara sauka a kanta. Aka ƙwanƙwasa sau biyu. Mama ta ɗago da jajayen idanu ta ce in ce masa ba ma nan.

Na ce, "A'a, Mama. Ƙarya ta ƙare a gidan nan."

Na taka zuwa ƙofa, na kama mariƙin, ban san da wace kalma zan fara ba.